Ruwan Tafki na Bakwai

Ni ne na yi laifin, ba Kawu Yunusa ba. Shekara tara ke nan da muka ɗauke shi muka kai maƙabartar Baƙi'a, shekara goma sha shida kuma da ɓarnar da ta raba shi da aikinsa a gonar jatan lande, amma sai bana bakina ya iya furta wannan magana. Na rubuto ta ne saboda mutanenmu na Madina da suka san shi, waɗanda har yau idan an ambace shi sukan ce, "Allah ya ji ƙansa, mutumin kirki ne, sai dai tsufa ya sa shi sakaci." Bai yi sakaci ba. Ga yadda abin ya kasance.

Sunana Bashir. A Ranuna aka haife ni, can wajen Ƙuba, inda aka haifi mahaifina. Kakanninmu sun zo aikin hajji daga ƙasar Kano, ba su koma ba. Karatuna bai yi nisa ba, don haka mai karatu ya yi haƙuri da rubutuna. Abin da na tashi na iya shi ne ban ruwan dabino, a gonar da mahaifina yake kula da ita. Kowace bishiya tana da haud ɗinta, wato ɗan kwarin da ake zagaye gindinta da shi don ya riƙe ruwa. Idan na farko ya cika, sai ka sare bakinsa ruwan ya gangara na biyu, daga nan na uku, har ƙarshen layi. In ka gama ka ɗebo laka ka toshe, ka danne da diddige. Mahaifina ba mai faɗa ba ne, amma bai yarda ya ga ruwa ya tsaya a banza ba alhali bishiyar gaba tana jin ƙishi. Yakan ce in ruwa ya ishi wannan, a miƙa wa waccan. Da wannan na girma, kuma ban taɓa tunanin akwai wurin da yin haka zai zama ɓarna ba.

Mai gonar ya sayar da ita aka yi gidaje. Ba a cika shekara ba mahaifina ya rasu. Na zauna ba aiki, ga mahaifiyata, ga matata da ciki. A lokacin ne Kawu Yunusa, ƙanen mahaifiyata, ya zo hutun ƙarshen mako daga bakin teku ya ce mata, "Yaya, ba ni ɗan nan naki. Tunda ya san ruwa, sauran zan koya masa."

Gonar tana kudu da Yanbu, tafiyar kamar awa uku daga Madina. Tafkuna ne manya a jere, ana jawo musu ruwan teku da famfo, ana kiwon jatan lande a ciki, wanda mu nan jambari muke ce masa. Kawu ne mas'ul na layinmu, wato shi ake tambaya kan duk abin da ya samu tafkunan. Gajere ne, fatarsa ta sha gishiri da rana, kuma bai taɓa sa jambari a bakinsa ba. In an tambaye shi dalili sai ya ce ya daɗe yana kallon abin da suke ci.

Aikinsa yana farawa ne da an idar da sallar asuba. Zai bi tafkunan ɗaya bayan ɗaya. Ya durƙusa ya nutsa hannunsa har gwiwar hannu, ya duba inda tafinsa ke ɓacewa. In ya ɓace da wuri, ruwan ya yi kauri. In yana hangensa tar, ruwan ya yi tsalala, babu abin da zai kare dabbar daga rana. Ya ɗebo lakar ƙasa ya shaƙa. Ya jawo farantin raga da ake gwada cin abinci da shi ya ga ko sun cinye. Sannan ya kamo guda ɗaya ya ɗaga shi saitin hasken gabas, ya dubi zaren hanjin da ke bin bayansa. In zaren ya cika baƙi wuluk, lafiya. In ya yanyanke ko babu komai a ciki, sai ka ga fuskar Kawu ta canza. Bayan duk wannan yakan ɗauko na'urorin awo ya auna gishiri da zafi da iskar da ke cikin ruwa, ya rubuta. Na faɗi wannan ne don daga baya an ce ba ya amfani da na'ura. Yana amfani da ita. Hannunsa ne dai yake riga ta.

Shi ya fara bayyana mini cutar. Ya ce likitoci suna kiran ƙwayar fibriyo, ido ba ya ganinta, kuma ba baƙuwa ba ce, kullum tana cikin ruwan teku. Ba ta iya komai sai ruwa ya lalace. Abinci ya yi yawa ya ruɓe a ƙasa, laka ta yi baƙi tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, iska ta yi ƙaranci, jambari ya galabaita, a nan take hayayyafa ta fi ƙarfinsa. Saboda haka kowane tafki da ragarsa da bokitinsa, kuma ba ka taka gaɓar wani sai ka tsoma takalminka a ruwan magani. Na ji duk wannan, na gyaɗa kai. Amma a can cikin raina abin da na ɗauka shi ne cuta a jikin dabba take zama, kamar ta akuya. Ruwa kuwa ruwa ne.

A shekarata ta biyu, tsakiyar zafi, wata Laraba da safe Kawu ya ɗaga jambarin tafki na bakwai ya ga hanjin wayam. Akwai kaɗan da suke iyo a gefe kamar masu maye, tsuntsayen teku kuma sun fara shawagi a kai. Nan take ya rage abinci, ya aika da samfurin ruwa da na dabbar ɗakin gwaji, ya ɗaura jan ƙyalle a sanda ya kafa a bakin tafkin. Ma'anar ƙyallen ita ce kada wani abu ya shiga, kada wani abu ya fita.

Juma'ar makon nan ce ɗaurin auren 'yarsa Safiya. Ya ce ba zai je ba, wani ya tsaya masa. Ni na matsa masa. Na ce uba ba ya rasa ɗaurin auren 'yarsa saboda tafki, ni zan zauna, ai taubashiyata ce, in ban je ba ma ta huta da tsiyata. Ya yi dariya, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "To, ɗan Yaya, kai ne idona. Na bakwai dai kada a taɓa shi."

Ya tafi ranar Alhamis. Da yammacin ranar babban famfon da ke jawo ruwa daga teku ya lalace, aka ce mai gyara sai Asabar. Wanda bai san zafin bakin tekun nan ba ba zai gane yadda rana ke shan tafki ba. Kafin mu dawo daga masallacin Juma'a na takwas da na tara sun ja baya, gishiri ya yi fari a gefensu, ruwan ya yi ɗumi kamar na wanka, jambari sun taso sama. Na bakwai kuwa, da yake ya fi su zurfi, yana nan cike. Launinsa mai kyau, ba wari. Tsakaninsa da na takwas akwai wata tsohuwar ƙofar ruwa da aka toshe da katakai, haka ma tsakanin na takwas da na tara.

Na tsaya a kan gaɓa ina kallon tafki cike kusa da tafki mai ƙishi. Sauran ma'aikata suna ɗaki suna hutun rana. Wayar Kawu tana aiki, da na kira shi da ya ɗauka. Na gaya wa kaina ba na so in ɓata masa biki. Gaskiyar ita ce so nake ya dawo ya tarar na yi dabara, ya yabe ni a gaban mutane. Na ce a raina marasa lafiyar suna ƙasa, ruwan sama kawai zan ɗiba, ga raga a bakin ƙofar ba wanda zai wuce. Na zare katakan sama. Ruwa ya gangara na takwas, daga nan na bi da shi na tara, kamar yadda na yi sau dubu a gindin dabino. Kafin la'asar na mayar da katakan, na ɗebo laka na toshe, na danne da diddige. Jambarin suka koma ƙasa. Na ji daɗi ƙwarai a ranar.

Kawu ya dawo Asabar da kwalin alewar biki. Na buɗe baki zan ba shi labari, sai ga sakamakon ɗakin gwaji: ƙwayar ta cika ruwan na bakwai, ba jikin dabbar kaɗai ba. Na ji muhandis, injiniyan da ke kan gonar duka, yana cewa alhamdu lillahi da aka killace shi da wuri. Sai na haɗiye maganata.

Wannan shirun ya fi buɗe ƙofar muni. Da na yi magana a ranar, da Kawu ya kafa jan ƙyalle a na takwas da na tara, ɓarnar ta tsaya a uku. Da yake ana ɗaukarsu masu lafiya, kwale-kwalen da muke watsa abinci da shi ya ci gaba da fita daga cikinsu yana shiga na gaba. Ni da kaina na tuƙa shi. Bayan kwana huɗu na takwas ya fara. Da safe za ka tarar da gefen tafki ya yi ja da matattu, jikinsu ya saki, tsuntsaye sun rufe sama suna ɗauka suna yarwa a tafkin maƙwabta. Kafin mako uku layinmu gaba ɗaya ya tafi. Muna kwasa da shebur muna binnewa cikin rami da farar ƙasa. Har yau in na ji warin ruɓaɓɓen kifi a kasuwa sai in canza hanya.

Kawu bai huta ba a kwanakin nan. Abin da ya dame shi shi ne hanyar da cutar ta bi. Yakan ce bai gane ba, tsuntsu ba ya kai cuta da wannan saurin. Wata safiya ya ce in biyo shi, muka bi gaɓa a ƙasa yana duba kowane lungu. Da muka iso tsohuwar ƙofar sai ya tsaya. Lakar ta bushe, ga sawun diddige uku a jere, sarai. A gonar nan da buhu da roba ake toshe ƙofa, ba mai yi da laka. Ya durƙusa ya shafa wurin da yatsa.

Ya ce, "Bashir, wa ya koya maka toshe ƙofa haka?"

Na ce, "Babana."

Ya ce, "Allah ya ji ƙansa. Ya koya maka da kyau. Ko ɗigo ba ya wucewa."

Ya miƙe, ya sa takalminsa ya murje sawun, ya wuce gaba.

Washegari muhandis ya tara mu. Ba mugun mutum ba ne, shi ma akwai waɗanda za su tambaye shi. Ya ce yana son sanin yadda cuta ta tsallake tafkin da aka killace. Ina tsaye a bakin ƙofar ɗakin. Kawu ya ce, "Ni ne mas'ul. Na bar tafki ba lafiya na tafi biki. Ka rubuta haka." Muhandis ya ce dama ya sha faɗa masa zamanin gwada ruwa da hannu ya wuce. Kawu ya ce, "Tayyib, na yarda." Abu ɗaya ya roƙa, a bar shi wata guda ya shanya tafkunan kafin ya tafi.

A cikin watan nan ya koya mini aikin da nake ci da shi har yau. Muka zubar da ruwan bayan an sa masa magani, muka kwashe baƙar laka, muka bar ƙasa ta sha rana har ta tsattsage, muka barbaɗa farar ƙasa, muka kafce. Ya nuna mini yadda ake rage abinci ranar da zafi ya yi yawa, da yadda ake sauraron fankokin da ke kaɗa ruwa a gane wadda ta gaji. Duk lokacin da na ce, "Kawu, maganar nan," sai ya ce, "Ɗauki shebur." Sau ɗaya tak ya taɓo ta, ranar da na kai shi Madina da kayansa a bayan mota. Mun wuce rabin hanya ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Yaya ta rasa miji. Ba zan mayar mata da ɗa ba aiki ba, ga jariri a gida. Amma ka ji ni da kyau: jambari ba dabino ba ne. Kowane tafki da ruwansa. In ba ka sani ba, ka tambaya." Na ce to. Ko na gode ban iya cewa ba.

Mu a Madina ba mu da yawa, magana ba ta kwana a gida ɗaya. Kafin wata ya ƙare kowa ya ji Yunusa ya tafi biki tafkuna sun mutu. A majalisar dattawa ta unguwarsu, Jurf, inda yake zama bayan magariba, abin ya zama abin tsokana. In an kawo shayi sai wani ya ce, "A ba Yunusa ya sa hannu ya gwada mana." Yakan yi dariya tare da su. Matarsa, Inna Rakiya, takan ce a gabana, "Na gaya masa ya bar tsoma hannu a ruwa kamar mai gwada kunu, bai ji ba." Safiya kuwa, wadda ba ta ganina ba ta tsokane ni ba, ta daina zancen bikinta gaba ɗaya. Hotunan ma ta ɓoye. Ina ganin duk wannan, ina zuwa gidan kowane wata da jambari cikin ƙanƙara, ana sa mini albarka.

Bai sake samun aikin teku ba. Ya ɗauki kula da randunan ruwan sanyi na sabil, wato na sadaka, da ke masallacin unguwarsu, ba wanda ya sa shi. Yana wanke su, yana canza abin tace ruwan, yana shaƙar ruwan kafin ya bari a sha. Shekara bakwai ya yi a haka. Da ciwo ya kwantar da shi na je asibiti da niyyar in faɗa, ko da a gaban Inna ne. Na kama hannunsa na ce, "Kawu, akwai abin da," sai ya katse ni da 'yar muryarsa: "Kun shanya ƙasan tafki bana?" Na ce mun shanya. "Har ta tsage?" Na ce har ta tsage. Ya lumshe ido ya ce madalla. Bayan kwana biyu ya cika.

Sau da yawa nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga gonar yanzu. An shimfiɗa wa tafkuna baƙar leda a ƙasa. Ruwan teku ba ya shiga kai tsaye, sai ya kwana a wani tafkin daban an tace shi. Akwai na'urori a cikin ruwa da ke aiko da awo wayata ko ina Ranuna ina cin abinci. Ana zuba wasu ƙwayoyi masu amfani don su yi gogayya da masu cuta, abin da na tabbata zai ba shi dariya, ya ce yanzu har ƙwayar cuta an samo mata 'yan sanda. Ina jin zai so yawancin abubuwan nan, don bai taɓa ƙin sabon abu ba. Sai dai zai tambayi wa ya je bakin tafki da safe ya shaƙi laka, kuma ba kullum zan sami amsar da za ta gamsar da shi ba. Cutar dai ba ta tafi ko'ina ba. Tana nan tana jiran ranar da za a yi wa ruwa sakaci.

Ni ne mas'ul na layin yanzu. Farkon abin da na roƙa da aka ba ni muƙamin shi ne a zuba kankare a tsofaffin ƙofofin nan, kuma ban faɗi dalili ba. Duk wanda ya shigo aiki a hannuna, ko balarabe ne ko namu ne da ake yi wa Hausa yana amsawa da Larabci, sai na durƙusar da shi ya nutsa hannu, ya ɗaga jambari saitin rana. Suna cewa koyarwar Bashir ce. Ba tawa ba ce. 'Ya'yana sun yi karatun da ban yi ba, mahaifiyata ta ƙare rayuwarta ba ta nemi komai ta rasa ba, kuma duk wannan a kan sunan mutum ɗaya aka gina shi, wanda ya ajiye nasa don in riƙe nawa. Ban san yadda ake gode wa irin wannan ba.

Abin da ya kwance mini baki ya faru ne a zafin bana. Akwai wani abokin aikinmu, Adamu, magidanci mai furfura, iyayensa daga wajen Chadi suke. Muna zargin wani tafki, mun kafa masa jan ƙyalle. Da hantsi sai ga shi ya zo yana haki, ya ce, "Shugaba, na yi kuskure. Ragar mai ƙyalle na jefa a na kusa da shi, sai da na jawo na lura." Ko awa ɗaya ba a yi ba da faruwar abin. Muka killace na biyun, muka rage abinci, muka ƙara fanka, muka ware masa kwale-kwale. Mun yi asara kaɗan, sauran layin ya tsira. Na dafa kafaɗarsa na ce ya kyauta. Ya ce, "Ai ba abin kyautawa, shugaba, wa zai ɓoye irin wannan?" Ban iya cin abinci ba a ranar.

Da na dawo Madina na fara zuwa Baƙi'a bayan asuba. Amma a Baƙi'a ba a rubuta suna a kabari. Na san ɓangaren da muka sa shi, sai dai duwatsun duk iri ɗaya ne, kuma an binne mutane da yawa bayansa. Na yi sallama ga kowa, na yi addu'a, na fito. A hanya na gane cewa na zo nan ne don shi ba zai amsa mini ba. Waɗanda za su amsa suna Jurf.

Na je bayan la'asar, hannu wayam. Inna Rakiya tana zaune a falo tana jan carbi, Safiya ta zo mata yini. Inna ta dubi hannuna ta ce, "Yau ina ƙwarin ruwan naku? Ko su ma sun tafi biki?" Safiya ta ce, "Esh fik, ya Bashir, me ya same ka? Ka shigo kamar wanda aka kora." Na zauna a ƙasa, ba a kan kujera ba. Na ba su labarin tun daga lalacewar famfo har sawun diddige, har abin da ya faɗa a gaban muhandis. Ban rage komai ba.

Inna ta ajiye carbin. Ta ce, "Shekara bakwai ina yi masa gori a kan abin da bai yi ba. Sai ya ce mini, Rakiya, ƙaro mini shayi." Ta rufe fuska da mayafi.

Safiya ta tashi ta shiga ciki. Na ji ƙarar famfo ya daɗe yana zuba. Da ta fito ba ta zauna ba. Ta ce, "Ka san ni ban taɓa yin murnar ranar aurena ba? Kowace shekara mijina yana tunawa, ni ina cewa a bari." Na ce na sani. Ta ce, "Ka sani." Sannan ta ƙara da cewa, "A majalisa aka ci sunansa. Ba a falon nan za ka wanke shi ba. Ka je ka faɗa inda za a ji." Na ce zan je majalisar, zan kuma rubuta. Daga baya na je, ga shi kuma na rubuta.

A ranar dai, a falon, na yunƙura zan tashi sai na lura labari kawai na bayar. Abin da ya kawo ni ban faɗe shi ba tukuna. Na koma na durƙusa a gaban Inna, na ce:

"Inna, ni na buɗe ƙofar, ni na yi shiru, ni na bari kika zargi mijinki har ya koma ga Allah. Safiya, bikinki bai kashe ko jambari ɗaya ba, ni na kashe su. Kawu ya rufa mini asiri don alherinsa, ni kuma na bar shi a rufe don tsorona. Shi ba zan ƙara samunsa in roƙe shi ba. Ku nake roƙo. Ba sai yau ba, ba kuma dole ba ne. Don Allah ku yafe mini."